Yayana da Yaren da Ya Kulle a Bakinsa

Ranar da Yayana ya rasu, kafin mu gama sharar tsakar gida mutane sun cika ta. 'Yan zumuntar mata suka zo da tulunansu na kiɗa suka zauna a gindin mangwaro. Tsofaffin ma'aikatan reluwe, waɗanda fansho da ciwon gwiwa suka rage musu hayaniya, suka jeru a kan benci suna kallon kekensa da ke jingine a bango. Ni kuwa aka dasa ni a kujerar tsakiya, tunda ni kaɗai na rage a cikin waɗanda uwarmu ta haifa, kowa ya zo sai ya durƙusa a gabana ya ba ni labarin mutumin da na sani tun ban san kaina ba.

Wani tsohon direban jirgi ya kama hannuna ya ce, "Mama, sannu fa. Baba Tica ya tafi. Shi ne ya koya wa Turawan loko, masu gyaran kan jirgi, Hausa. Da can in sun zage mu ba mu ji. Da ya gama da su, sai su zage mu da Hausa, mu ji tas." Aka yi dariya, shi kuma ya share ido da hularsa.

Wata mai sayar da doya ta ce, "Ni yarinya na ya yi karatu a hannun shi. Baba ba ya duka, ido kawai zai yi maka, ka gyara."

Wani Bafulatani mai furfura ya shigo da ƙwaryar nono, ya ajiye a gabana, ya ce, "Goggo, Allah ya ba da haƙuri. Babana kafin ya rasu ya ce duk ranar da Malam ya tafi kada mu zo hannu biyu." Na gane shi, ɗan marigayi Arɗo aminin Yaya ne.

Sai faston ikilisiyarmu, yaro ne mai kirki amma jiya-jiya aka kawo shi, ya miƙe ya ce marigayi ya yi wa Ubangiji hidima da harsuna uku, Hausa da Turanci da Fulatanci. Na ce masa, "Huɗu." Ya sunkuyo ya ce, "Har da Faransanci, Mama?" Wannan tambayar ce ta sa na zauna na rubuta abin nan, ina tsoron a manta da na huɗun, wanda da shi aka haife mu.

Duk zaman makokin nan da wani kaya a kaina. A ƙauyenmu, can gindin dutse ta hanyar Gwantu, ba a rufe mamaci sai babban ɗansa namiji ya tsaya a bakin kabari ya sallame shi da yarenmu. Zai kira shi da sunan yarinta, ya gaya masa ya mutu, ya nuna masa hanya, ya ce kada ya waiwayo. Idan ya gama, mafi tsufa a cikin dangi zai ce, "Ya ji." Daga nan ake zuba ƙasa. Yaya ya roƙe ni a yi masa haka. Babban ɗansa kuwa yana wata ƙasa a hayin teku yana koyarwa, muna jiran isowarsa, kuma ko "zo ka ci" bai sani ba da yarenmu. Yadda aka yi ɗan Yaya ya tashi kurma a yaren ubansa, shi ne labarin.

A shekarun nan na hamsin da ɗoriya, kafin Bature ya tafi, Kafanchan gari ne na jirgi. Yaya ya riga ya yi suna a matsayin malamin da ke koya wa Turawa Hausa, na reluwe da na mishan, domin ba a ƙara musu girma sai sun ci jarrabawarta. Da safe yana koyar da yara a makarantar mishan, da yamma ya hau keke da gajeren wando da fararen safa har gwiwa ya nufi unguwar Turawa. Ni a lokacin mijina ya rasu, na dawo gidan Yaya ina koyar da ƙaramin aji. Uwarmu ma tana nan, ya ɗauko ta daga ƙauye bayan mutuwar babanmu. Ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode", kuma ba ta ga dalilin ƙarawa ba.

Yaya ba ya son allo. Sai ya tsaya gaban mutum, ya nuna leɓɓansa da yatsa, ya ce, "Bi bakina." Ya faɗa, ka faɗa, ya sake, ka sake, har ka gaji ka daidaita. In ya ga Bature ya fara ɗaga hanci wai ya iya, sai ya ja shi kasuwa ya tsayar da shi gaban mai barkono, ya koma gefe ya harɗe hannu. Gwajinsa na ƙarshe kuwa gidan makoki ne. Yakan ce wanda bai iya zama ya gaida mai rashi ba bai koyi komai ba tukuna. Na sha ganin jan Bature a durƙushe a kan tabarma, gumi na zuba, yana neman "ya haƙuri" a cikin kansa, Yaya na bayansa yana motsa baki.

Da Arɗo kuwa, shanu ne suka haɗa su. Sun hau layin dogo, aka kama su, aka kai Arɗo gaban Baturen tasha. Yaya yana wucewa ya ga bawan Allah a tsaye ba mai fassara masa, sai ya jingine keke ya shiga, ya makara a wajen darasinsa. Tun ranar Arɗo ba ya wuce ƙofarmu. Shi ya koya wa Yaya Fulatanci, kuma da salon Yayan ya koya masa, yana nuna baki yana dariya. Abin mamaki, Arɗo da uwarmu ba su da kalma ɗaya ta tarayya, amma sai su zauna a inuwa, ita tana ɓarar gyaɗa tana surutu da yarenmu, shi yana amsawa da nasa, kowa ya tashi ya gamsu.

Yaya mutum ne mai hangen gaba, wani lokaci har ya taka abin da ke ƙafarsa. Wata Lahadi bayan sujada ya zaunar da ni da matarsa yana lissafa mana hanyoyin da ke gaban malamin harshe. Yana iya zama tafinta a kotu, amma ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana maimaita ƙaryar wasu ba. Yana iya shiga aikin fassara na mishan, amma can sai ka tsufa a kan aya ɗaya ana gardama. Akwai gidan rediyo a Kaduna. Sannan akwai wadda ta tsaya masa a rai: wata makaranta a kan tudu wajen Jos, inda 'ya'yan Turawa da na Kwarori da na Indiyawa ke karatu. Wani ɗalibinsa ya gaya masa suna neman malamin Hausa, kuma ba a taɓa ɗaukar baƙar fata ya tsaya gaban aji a can ba.

Matarsa ta ce, "To Malam, me ya hana?"

Ya ce, "Takarda. Tawa ta ƙaramin malami ce. Suna son ta babban malami, sai na koma kwaleji. Suna son jarrabawar Turanci ta Ingila, wannan zan yi ta gidan waya. Suna son jarrabawar Hausa ta sama, ta rubutu da ta baki. Kuma wai in mutum ya iya kiɗan ogan ko ɗaurin rauni, ya fi shiga."

Na ce, "Su ce ka iya ƙwanƙwasa kwano mana, ka zama cikakke."

Bai kula ni ba. Ya fara da ogan ɗin majami'a, kuma ikilisiya ta sha wuya a watannin nan, Allah ya ba ta lada. Ya ɗaɗɗaure yaran gidan da bandeji har maƙwabta suka zo jaje. Jarrabawar Turanci ta gidan waya kuwa ya ci ta ba wahala. Da ya ga ya haɗa rabin kayan, sai ya hau jirgi ya je a gan shi.

Ya dawo ba yadda ya tafi ba. Ya ce shugaban makarantar ya karɓe shi da fara'a, amma ya zaunar da wani malami daga can arewa ya saurare shi. Da suka gama hira malamin ya ce, "Hausarka ta littafi ba ta da aibu. Amma duk wanda ya ji ka ya san daga gindin dutse ka fito." Ban jin mutumin ya faɗa da mugunta, aikinsa aka tambaye shi. Shugaban ya ce in ya kawo takardun, kuma bakinsa ya wanke, wurin nasa ne.

Nan Yaya ya yi abin da ya bi shi har kabari. Ya yanke cewa yarenmu ne ke karkata masa harshe, tunda da shi yake kwana da shi yake tashi. Ya shiga majami'a, ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a gaban dattawan ikilisiya, ya yi wa'adi cewa kalmar yare ba za ta sake fita daga bakinsa ba sai ranar da ya riƙe takardar nan. Ya dawo gida ya kafa doka: yara su ma Hausa da Turanci kawai. Babban ɗansa a lokacin bai daɗe da fara haɗa magana ba.

Na ce, "Yaya, Uwa fa?"

Ya ce, "Ke kina nan. Ki riƙa gaya mata. Ɗan lokaci ne."

Haka na zama tafinta tsakanin uwa da ɗan da ta haifa, aikin da shi ya raina a kotu. Da safe zai zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa, don ladabi bai taɓa barinsa ba, ya ce, "Kin tashi lafiya?" Ni in juya mata. Ita ta dube shi, ba ni ba, ta amsa da yare, ta kira shi da sunansa na yarinta. Yana jin komai, amma sai ya jira in faɗa da Hausa kafin ya gyaɗa kai. Da fari dariya abin ya ba ta, ta ce wasan 'yan makaranta ne. Da damina ta wuce wata ta zo, ta daina dariya. Ta riƙa jan jikanta gefe tana raɗa masa sunayen abubuwa, wuta, ruwa, akuya, in uban ya shigo yaron ya gudu.

Rigimarmu mafi zafi a kan tuwon acca aka yi ta. Uwa ta tuƙa da hannunta, ta kai masa, ta tsaya ta ce masa wata magana da take faɗa mana muna yara in ta ba mu abinci. Amsarta kalma ɗaya ce. Ya ɗaga kai ya dube ni.

Na ce, "Ba zan fassara ba. Ka ji ta. Kalma ɗaya ce, ka ba ta."

Ya ce, "Na yi wa Allah wa'adi."

Na ce, "Allah ya roƙe ka? Shi da ya yi mata bakin nan?"

Ya ture kwanon ya ce ni ban san abin da ake nufi da a dube ka a ce ba ka isa ba. Ya ce yana yi ne don yaran nan kada a taɓa gaya musu daga inda suka fito. Uwa tana tsaye tana kallon bakunanmu. Ta ɗauki kwanonta ta rufe, ta ce mini da yare, "Ki gaya masa zai huce, in ya ji yunwa yana nan." Wannan na fassara, da ƙarfi kuwa.

Arɗo ma bai bar shi ba. Ya ce, "Malam, ni Hausata ta fi taka karkacewa, kuma ba a taɓa ƙin sayen nonona ba. Ka yi magana da tsohuwa." Yaya ya ce shi ba nono yake sayarwa ba, baki yake sayarwa. Arɗo ya girgiza kai ya koma wajen Uwa suka ci gaba da hirarsu.

Aka ba shi gurbi a kwaleji can arewa, ya tafi. In ya zo hutu Hausarsa ta ƙara laushi, har 'yan kasuwa na tambayarsa ko Bakano ne, shi kuma yana jin daɗi. Uwa kuwa tana ramewa. Ana saura kaɗan ya shiga jarrabawar baki, wadda ita ce ta ƙarshe, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ta ce a mai da ita ƙauye. Muka aika masa, ya kamo jirgi, ya hau motar doya, ya ƙarasa da ƙafa, amma ya tarar ana haƙa.

Ina ganin wurin nan har yau. Rana tsaka, dawa ta fitar da kai, dangi sun kewaye ramin. Uwa ta karɓi baftisma a tsufanta, don haka mai bishara ya yi addu'arsa, sannan ya ja baya ya shiga duba takalminsa, kamar yadda masu bisharar wancan lokaci suka saba in an zo wajen sallama. Ƙanen babanmu, wanda shi ne mafi tsufa, ya yi wa Yaya alama. Yaya ya matso bakin kabari. Na matsa kusa na ce masa a hankali, "Yaya, yau kam Allah zai gane." Ya rufe ido. Da ya buɗe baki, Hausa ce ta fito.

Ban taɓa jin Hausa mai kyau irin ta ranar ba. Ya kira ta, ya gode mata, ya nuna mata hanya, ya ce kada ta waiwayo. Bai bar komai ba. Da ya gama aka yi tsit, ana jiran tsoho. Tsohon ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce da yare, "Ba ta ji ba." Ya juya ya tafi. Samari suka zuba ƙasa ba wanda ya ce su zuba.

Yaya ya koma ya ci jarrabawarsa da yabo. Ranar da takardar ta shiga hannunsa bai tsaya Kafanchan ba, ya zarce ƙauye da ita a aljihu, ya je wajen ƙanen babanmu ya ce wa'adinsa ya cika, yanzu zai sallami uwarsa. Tsohon ya ce, "Da wa za ka yi magana? An rufe. Wannan maganar sai kabari na buɗe." Yaya ya tsaya a kan tudun ƙasar har inuwa ta juya. Waɗanda suka gan shi sun ce bakinsa na motsi amma ba sauti.

Ya samu aikin. Shi ne baƙar fata na farko da ya tsaya gaban aji a makarantar nan, kuma ba zan rage masa wannan ba, don ya sha wuyarsa. Ya koyar da yaran ƙasashen da ban san sunansu ba, wasu har sun tsufa suna aiko masa da gaisuwa. Malamai da yawa daga yankinmu ta ƙofar da ya buɗe suka bi. Duk saurayin da ya zo neman shawara, Yaya zai zaunar da shi ya gaya masa takardar da zai ƙara da inda zai same ta, ya sa shi ya koyi wani abu bayan harshen, ko kiɗa ko wasan guje-guje. In yaron ya tashi tafiya sai Yaya ya ce, "Uwarka na da rai? Je ka gaishe ta tukuna." Suna ɗauka tsufa ne.

Amma yaren bai dawo ba. Wa'adi ya cika, ba mai hana shi, sai dai ko na yi masa magana da shi, da Hausa yake amsawa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Na hana Uwa shi. Wa zan ba?" Yaransa suka tashi ba su san komai ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu daga gindin dutse suka fito, yadda ya so.

Ni Kirista ce, 'yar ikilisiya, na san inda Littafi ya ce matattu suke. Amma abin da na gani zan faɗa. Bayan ya yi ritaya ya dawo Kafanchan, yakan zauna a gindin mangwaron nan da rana. Yana cikin magana da mutum sai ya tsaya, ya juya wajen ƙofar gida, ya ɗan ɗaga daga kujera kamar wanda aka kira. In na ce mene ne, sai ya ce, "Ba ki ji ba?" Kujerar Uwa ta katako ya ajiye a bakin zaure, ba mai zama a kai, kuma in an yi sabuwar acca sai ya sa a rufe kwano ɗaya a ajiye. Matarsa har ta rasu tana faɗa a kan ɓarnar nan. Wata rana ya ce mini, "Uwa tana kan hanya a tsaye. Ba a gaya mata ta wuce ba." Na ce masa Yesu ya san hanya ko ba a nuna ba. Ya ce ya sani, da kansa ya sani, amma ƙirjinsa bai sani ba. Ni ma, in gaskiya zan faɗa, na sha waiwayawa ƙofar nan.

A watannin ƙarshe hawan jini ya buge shi, ɓarin jiki ya mutu. Da bakinsa ya buɗe, Turanci ya tafi, Fulatanci ya tafi, Hausar da ya saya da tsada ita ma ta tafi. Yarenmu kaɗai ya rage, tas, irin na tsofaffi, da kalmomin da ni kaina na manta. 'Ya'yansa mata suka kewaye gadon suna kuka, suna cewa, "Anti, Baba yana ta surutai, ba ya cikin hankalinsa." Na ce, "Ruwa yake roƙo, ku ba shi." Na sake zama tafinta a gidan nan, da tsufana.

Wata safiya da muke mu biyu ya kama zanina da hannunsa mai rai. Ya ce in an buɗe nasa, ɗansa ya sallame shi da yare. Sannan ya ce, "A faɗi na Uwa ma. Kabari zai kasance a buɗe. Ni zan kai mata." Na ce yaron bai iya ba. Ya yi wani abu da rabin fuskarsa wanda na san murmushi ne, ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna leɓɓansa.

Ɗan ya iso da jaka mai taya da furfura a gemu. Shi ma malamin harshe ne, takardunsa sun ninka na ubansa, yana koyarwa a irin makarantar da uban ya yi wa wa'adi. Na ja shi ɗaki na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Bai taɓa ji ba. Ya ce, "Anti, zan kunyata shi. Bakina ba zai iya ba. Za su yi dariya." Na ce, "In sun yi, sun yi. Ubanka ya yi mai kyau ba a ji ba."

Muka kai Yaya ƙauye, aka haƙa kusa da Uwa. Na ja faston gefe na yi masa bayani. Ya ce, "Mama, ni zan yi addu'a, daga nan zan je in duba ko motar mawaƙan ikilisiya ta iso." Allah ya yi wa yaron nan albarka. Mace ba ta sallama a wajenmu, don haka na tsaya a bayan kafaɗar ɗan Yaya. Mafi tsufa a dangi yanzu ɗan wancan ƙanen baban namu ne, ya makance, aka riƙo shi aka zaunar a bakin ramin. Yana saurayi yana cikin waɗanda suka zuba wa Uwa ƙasa.

Na taɓa kafaɗar yaron, ya juyo, na nuna leɓɓana na ce, "Bi bakina."

Na faɗi sunan Yaya na yarinta, ya faɗa. Na ce ka mutu, ya ce ka mutu. Ga hanya, kada ka waiwayo. Kalmomin suna fitowa daga bakinsa a karkace, wasu sai na sake, ya sake, har ya daidaita. Da Yaya na tsaye da ya ce a kai shi kasuwa. Ba wanda ya yi dariya. Da muka gama nasa sai na kira sunan Uwa, na ji tsofaffin matan da ke bayana sun ja numfashi. Yaron ya kira ta. Muka ce mata ɗanki na zuwa da saƙo, ya makara amma ga shi nan, ki daina tsayuwa, ki wuce. A nan muryata ta karye, shi ma tasa ta karye, ya ɗauka haka ake faɗa.

Muka tsaya jiran makaho. Ya karkata kunnensa wajen ramin, ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya ce da yare, "Sun ji."

Ɗan Yaya ya juyo ya ce, "Anti, me ya ce?"

Na ce, "Ɗauki ƙasa ka zuba."

Da muka dawo Kafanchan na ɗauki kujerar Uwa daga bakin zaure na shigar da ita ɗaki, a kanta nake zaune ina wannan rubutu. Ubangiji ya ba Yayana hutu, ya haɗa shi da wadda ta ajiye masa tuwo, ya ta'azantar da mu da muka rage.